Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Gidajen Kudancin Kogin Kaduna Da Ƙasar Da Aka Ɗora Su A Kai

Duk mazaunin Kaduna ya san cewa kukanmu na shekara ya kasu gida biyu. Daga watan Maris zuwa Afrilu kukan zafi ake yi: ɗaki ya zama tanderu, yara su kasa barci, magidanci ya fito da tabarma tsakar gida, in ma yana da tsakar gidan. Daga Agusta zuwa Satumba kuma sai kuka ya koma na ruwa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta yi gargaɗi, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ta roƙi mazauna bakin kogi da su tashi, su kuwa su ce su tashi su je ina. Daga nan sai a wayi gari katifu na shanye a kan katanga, jami'ai na rabon shinkafa da barguna, ana jiran baɗi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ba su buƙatar a ba su labari, domin gani ya kori ji.

Mun saba ɗaukar waɗannan koke-koke biyu a matsayin abubuwa daban-daban, ɗaya na rana, ɗaya na ruwa, dukkansu kuma mu jingina su ga ƙaddara ko ga sauyin yanayi. Babu mai musun ƙaddara, kuma sauyin yanayi gaskiya ne. To amma a nawa ganin, kaso mai yawa na wahalar daga hannunmu ya fito, kuma tushensa ɗaya ne: mun daina tambayar ƙasa kafin mu ɗora mata gini. Zan ɗauki unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna a matsayin misali, saboda a nan ne garin ya fi saurin faɗaɗa cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, a nan ne kuma aibin ya fi fitowa fili.

Yadda aka gina ƙetaren kogi

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki ƙasar noma ce da farauta ta al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa. Bayan da layin dogo ya ratso ta nan ya isa Kano a 1911, kuma Turawan mulkin mallaka suka maido da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai ƙetaren kogi ya fara cika a matakai uku.

Mataki na farko na jirgin ƙasa ne. A kudu da kogi ne layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Legas zuwa Kano, aka gina tasha da gidajen ma'aikatan jirgi. Mataki na biyu na masana'antu ne. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato; wasu masaƙun suka biyo baya cikin shekarun 1960; kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975; aka buɗe matatar mai a 1980. Dubban ma'aikata suka kwararo daga kowace kusurwa ta Nijeriya, Kakuri da Maƙera da Nasarawa suka cika da gidajen haya masu ɗakuna a jere suna kallon juna, da lungu ɗaya a tsakiya. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 2000, amma gidajen da mutanen suna nan.

Mataki na uku shi ne mafi ɗaci, domin tsoro ne ya gina shi. Bayan rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002, jama'a suka yi ƙaura a cikin garinsu. Musulmi da dama suka bar kudu suka koma arewa da kogi, Kiristoci da dama suka bar arewa suka ƙetaro kudu, har aka riƙa yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Urushalima. Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora da Kamazo suka bunƙasa kamar wutar daji. Wanda ya gudo da iyalinsa ba shi da lokacin duba ta inda ruwa ke bi. Fili yake nema mai araha, kusa da 'yan'uwansa, ko da a cikin kwari ne. Dillalan filaye kuwa suka samu kasuwa, aka yanka gonaki da fadamu aka sayar, gini ya riga titi zuwa, titi ya riga magudanar ruwa.

Garin bai rasa tsari a rubuce ba. A 1967 kamfanin masanin tsara birane Max Lock ya fitar da babban tsarin Kaduna wanda ya hango garin har zuwa 2017, aka kuma sake bitar tsarin a 2010. Hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, tana nan da dokokinta. Sai dai takarda ba ta tare ruwa. Inda hukuma ta makara, sai ta dawo da jan fenti da motar rusau bayan mutum ya zuba duk abin da ya tara a rayuwarsa. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Abin da sunaye ke faɗa

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, na kan fara neman amsa a cikin kalmomi. Mai karatu ya dubi sunayen tsofaffin unguwannin Kaduna: Tudun Wada, Kurmin Mashi, Kurmin Gwari, Rafin Guza. Kowanne yana gaya maka yanayin ƙasar wurin tun kafin ka taka ta. Tudu wuri ne da ruwa ba ya kwana. Kurmi wuri ne mai damshi da duhuwar itatuwa, galibi a gefen ruwa. Rafi kuwa sunansa ya isa gargaɗi. Unguwar Romi ma sunanta ɗaya da rafin da ya ratsa yankin kafin ya zube a cikin Kogin Kaduna. Shi kansa sunan garin, a bisa bayanin da ya fi yaɗuwa, jam'in kada ne, wato mazauna kogin na asali ne suka ba garin suna.

Bahaushe yana da kalmomi masu yawa na rarrabe ƙasa: tudu, jigawa, fadama, kwari, faƙo, dabagi, laka, marmara. Kowace kalma hukunci ce a dunƙule. Fadama ta rake ce da shinkafa da lambu. Tudu na gida ne da gero. Manomin da ya ji an ce wuri fadama ne ba zai tambayi ko za a iya kafa gida a can ba. Yau kuwa duk waɗannan kalmomi sun narke cikin kalma ɗaya tak, wato fuloti. Fuloti ba shi da tudu ba shi da kwari; tsawo da faɗi da farashi kawai gare shi. Sababbin rukunan gidaje kuma sunayen Turanci ake raɗa musu, masu nuni da lambuna da tsaunuka da babu su a wurin, ko masu nuni da aljihun mai gida, kamar yadda muke da High Cost da Low Cost a Barnawa da Narayi. Sunan da ya gaya maka darajar maƙwabcinka ya maye gurbin sunan da zai gaya maka inda ruwa zai bi.

Na taɓa rubuta wa ɗalibaina wasu kalmomi a allo, na ce su ba ni ma'anarsu: azara, makuba, laso, katsi, birji, indararo, ɗaurin guga. Yawancinsu Hausawa ne haihuwar birni, masu ƙoƙari ƙwarai, amma ajin ya yi tsit. Sun san tubali a cikin “aza tubalin gini” da 'yan siyasa ke yi da cokalin birkila a gaban kyamara. Sun san zaure, amma na majalisa da na WhatsApp. Ban ga laifinsu ba. Kalma ba ta rayuwa bayan mutuwar aikin da take yi wa suna, kuma idan ta mutu, ilimin da ke ƙunshe cikinta kan bi ta kabari.

Abin da maginan da suka sani

Bari mu buɗe waɗannan kalmomi mu ga abin da ke ciki. Tubali curin ƙasa ne mai siffar ƙwai da ake murzawa da hannu a shanya a rana, daga ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa. Azara tsagin itacen giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, da ita ake rufi da ƙarfafa baka. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, a jiƙa a yi yaɓe ko daɓe da ruwanta don ruwan sama ya zame. Laso haɗin katsi ne, wato dattin da ake kwasowa daga karofin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da yauƙin dafara. Da shi ake shafe rufin soro. Indararo shi ke tunkuɗa ruwan rufi nesa da bango.

A lura da abin da wannan jeri ke nunawa. Gidan Bahaushe na da ya jingina ne da giginya da ɗorawa, da marini da majemi, da matan unguwa masu taruwa su yi daɓe. Sharar wata sana'a ita ce kayan aikin wata. Ramin da aka haƙi ƙasar gini kuma shi ke zama kududdufi, ya tara ruwan unguwa da damina. Mutanen Kano sun ga abin da ya biyo bayan cike kududdufansu da shara aka yi gini a kai: ruwan da ya rasa masauki ya shiga ɗakuna. Bango mai kauri kuwa yana shanye zafin rana a hankali, bai kai shi cikin ɗaki ba sai dare ya yi sanyi, shi ya sa soro ke da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu. Zaure da shigifa da tsakar gida su ma ba don ado aka yi su ba. Tsari ne da ya haɗa sutura ta addini da al'ada da zagayawar iska da inuwar itace.

Wani abin da ya fi muhimmanci ga Kaduna shi ne, maginan nan ba su yi wa ƙasar Hausa duka gini iri ɗaya ba. A Katsina da Sakkwato, inda ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 800 ba, shimfiɗaɗɗen rufi ya wadatar. A Zariya, inda ruwa ya fi yawa, sai rufi mai tulluwa ya yawaita don ruwa ya gangare da sauri. A nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakunan da masana gine-gine na duniya suka yi ta zuwa aunawa, har aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Idan aka ƙara gangarowa kudu, inda ruwan shekara ya haura milimita 1,000 kamar Kaduna, sai a tarar da Gbagyi da sauran al'ummun kudancin jihar suna gina ɗaki zagayayye da jinka mai tsini wadda ta zarce bango ta kare shi daga feshi, suna ɗora rumbu a kan duwatsu don damshi da gara, suna kafa gari a kan tudu ko gindin dutse, su bar bakin ruwa ga gona.

Ashe ke nan babu wani fasali guda da za a ce shi ne ginin gargajiya. Abin da ya haɗa su ƙa'ida ce: a dubi ruwan wuri da ranarsa da ƙasarsa da itatuwansa, sannan a yanke shawarar fasali. Harshen Hausa ma ya adana wannan fahimta, domin da kalma ɗaya yake kiran aikin mai ɗaki da na mai tukunya, duka gini ne. Ladi Kwali, 'yar Gbagyi da hotonta ke bayan takardar naira 20, maginiya ce. Kuma karin maganar da na ɗora a kan wannan rubutu daga wannan sana'a ta fito: zane ba ya kama yumɓu sai yana ɗanye. Abin da ba a yi ba ranar gini, ba a yin sa bayan ya bushe.

Aron da ba a gyara ba

Kada a ɗauka ina ƙyamar aro. Harshen da ba ya aro matacce ne, haka ma sana'a. Masana da dama na danganta ita kanta kalmar tubali da Larabci. Abin lura shi ne yadda harshe ke karɓar baƙo. Da Bature ya zo da kalmominsa masu cunkoson baƙaƙe, bakin Bahaushe bai haɗiye su ɗanye ba. Ya saka musu wasula, ya daidaita su da tsarin gaɓarsa, suka zama bulo, siminti, birkila, kafinta, kwalbati. Yau babu mai jin su baƙi. Harshe ya karɓi baƙo bisa sharaɗin mai masauki.

Hannunmu ne ya kasa yin abin da bakinmu ya yi. Mun aro gidan ɗungurungum, ba mu saka masa ko wasali ɗaya ba. Mai karatu ya zaga sababbin unguwannin da ke kan hanyar Kaciya ko hanyar Abuja ya gani. Bangon bulo mai inci shida, rabinsa rami, wanda rana ke ratsawa kafin la'asar. Dogon rufi mai tsini baƙi ƙirin, irin na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, yana zuƙar zafi tun hantsi, kuma leɓensa bai zarce bango da taki ɗaya ba. Tagogin gilashi masu zamewa, waɗanda rabinsu kawai ke buɗuwa. An sare mangwaro da ɗorawar da aka tarar a filin, an malale harabar da siminti daga ƙofa har katanga, ta yadda ɗigon ruwa ɗaya ba zai nutse a gidan ba. Abin mamaki, tsofaffin gidajen da Turawa suka gina wa ma'aikatansu, masu faffaɗar baranda da dogon silin da tagogi masu kallon juna, sun fi namu na yau sanin cewa a ƙasar zafi suke.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓuɓɓuka yana da farashi. Gidan da ba ya shan iska sai da fanka da na'urar sanyaya ɗaki bawan lantarki ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama kayan masu hali, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A farkon shekarar 2024 ne kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar nan, har sai da Gwamnatin Tarayya ta kira masu kamfanonin zama. Ga gine-gine nan birjik a Romi da Kamazo sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikinsu, masu su na ci gaba da biyan haya. Ruwan da harabar siminti ta ƙi sha kuwa titi yake fita, daga titi ya afka wa na ƙasa da kai, daga nan ya tarar da rafi wanda aka matse da katanga aka cika da leda. Yashin da ake buga bulon ma daga cikin kogin da rafukansa ake kwasowa tifa bayan tifa, gaɓa na zaizayewa. Wato kowane gida na tura wa na gangarensa matsala, har ta taru a kan talakan da ya fi kowa kusa da ruwa.

Hujjar masu ja

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ginin ƙasa na faɗuwa da damina. Yana buƙatar yaɓe duk shekara. Giginya ta yi ƙaranci. Fuloti ɗaya ba ya ɗaukar bango mai kaurin kamu biyu. Doguwar katanga da ƙaramar taga kuwa rashin tsaro ne ya jawo su, kuma wanda ya san abin da mutanen Gonin Gora da kewayenta suka sha a hannun masu garkuwa da mutane ba zai yi musu wa'azin buɗe gida ba. Za a kuma tuna mini cewa a watan Agustan 2023 wani sashe na wancan masallaci na Zariya ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ginin da ya yi kusan shekara 190 a tsaye kafin wani sashensa ya gaza, darasinsa shi ne kulawa da sanin lokacin gyara, kuma masu wannan sani su ne muke bari suna ƙarewa ba magada. Kankare ma na kisa idan aka yi masa ha'inci: a watan Yulin 2024 ginin wata makaranta mai bene ya rufta a Jos, ya hallaka mutum fiye da ashirin, yawancinsu ɗalibai. Maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne ta sama da ta ƙasa, kuma maganinsa sananne ne: harsashi na dutse da ya ɗago daga ƙasa, da rufi mai faɗin leɓe. Kaduna kuwa Allah Ya hore mata dutse da jar ƙasa.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani maginin gargajiya, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, duk a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan wurin, aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa mai ɗan siminti kaɗan, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsu; a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan fage. Mariam Issoufou da Francis Kere ba su ƙi kayan gini na zamani ba. Sun dai yi musu abin da bakin Bahaushe ya yi wa kalmar bulo. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injunan matse tubalin ƙasa. Abin da ya hana su yaɗuwa ya fi kusa da kunya fiye da kimiyya: mun yarda cewa gidan ƙasa tambarin talauci ne, ko da mai gidan bulo na kwana a waje saboda zafi.

Abin yi

Na farko, a ja wa ruwa iyakarsa tun kafin a yanka fili. Hukumar KADGIS mai rajistar filaye da KASUPDA su fitar da taswirar da ke nuna iyakar ambaliyar Kogin Kaduna da Rafin Romi da ƙananan rafukan yankin, a kafa alamu a ƙasa, a karanta wa jama'a a rediyo da Hausa da Gbagyi da Turancin kasuwa, a liƙa a fadar kowane mai unguwa. Dattawan Gbagyi da suka noma waɗannan wurare sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa; a tambaye su tun suna raye. Waɗanda suka riga suka yi gini a hanyar ruwa a sama musu wani wuri kafin a taɓa musu bango, hukunci kuma ya fara hawa kan wanda ya sayar da fadama da sunan fuloti da wanda ya sa hannu.

Na biyu, takardar izinin gini ta ƙunshi sharaɗin barin wani kaso na fili ba tare da siminti ba, da dasa itace, da tagogi masu ba iska hanyar shiga da fita. Wannan bai fi ƙarfin talaka ba; hasali ma rage masa kashe kuɗi zai yi.

Na uku, gwamnati ta fara da kanta. Talaka ba zai yarda da tubalin ƙasa ba sai ya ga an gina aji da asibitin sha-ka-tafi da ofishin ƙaramar hukuma da shi, ya shiga ya ji sanyi da jikinsa. Makaranta guda a Sabon Tasha ko Kakuri da aka gina haka, aka kuma kula da ita, ta fi taron ƙara wa juna sani goma.

Na huɗu ya shafe mu malaman jami'a. Sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su haɗa kai da sassan harsuna a tattara kalmomin gini na Hausa da Gbagyi da Atyap da Bajju da Adara da Ham daga bakin masu sana'ar, da hoto da bayanin yadda ake yi. A gayyato sauran sarakunan magina su tsaya gaban aji a matsayin malamai, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Matasan unguwannin da masaƙu suka mutu suka bari ba aiki, su ne za su fi cin moriyar sana'ar da kayan aikinta ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Daga ƙarshe, akwai wani abu da ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kansa. Mun mayar da Kogin Kaduna iyaka tsakanin addinai biyu, alhali shi bai san da wannan rabo ba. Ranar da ya cika, yana shiga Barnawa kamar yadda yake shiga Kabala da Unguwar Rimi da Tudun Wada, ba ya tambayar sunan mai gida. Katangar da aka tokare shi da ita a wannan gaɓa, ɗaya gaɓar take tura shi. Ilimin da zai fitar da mu kuma rabinsa na hannun maginin Zazzau, rabinsa na hannun manomin Gbagyi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin na ci gaba da miƙewa ta Kamazo da Maraban Rido da hanyar Abuja, yumɓun waɗannan wurare bai bushe ba tukuna. Idan akwai zanen da za a yi, yanzu ne lokacinsa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon hangen nesa, mu kuma Ya ba mu ikon jin gargaɗi, Ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.